Idan Za Ka Ajiye Kare a Tawa, Fara da Karne

Kwikwiyona na farko bai cika wata huɗu a duniya ba. Wani abokina ne ya kawo mini shi daga wajen Abalak, ja mai dogayen ƙafafu, irin karnukan Azawak ɗin nan da Buzaye ke ji da su. Ran Talata ya ƙi abinci, Laraba ya fara amai, kafin Alhamis zawo ya koma jini, da wani irin ƙarni da har yau ban manta ba. Na naɗe shi a buhu, na ɗora bisa moto sai wurin likitan dabbobi. Ya kama fatar wuyansa ya ɗaga ya saki, fatar ta tsaya cak, ba ta koma ba. Ya ce, "Malam, an yi masa allura?" Na ce a'a, ai lafiyarsa lau nake gani. Ya ce, "Ai mai lafiya ake yi wa." An yi masa ƙarin ruwa kwana biyu, bai tashi ba.

Parvo ake kiran ciwon. Tun 1978 ya bazu cikin karnukan duniya, kuma ƴan kwikwiyo ya fi kashewa. Ƙwayar tana fita cikin kashin kare, ta zauna cikin ƙasa watanni, takalminka ma yana iya kawo ta gida. Sabulu ba ya kashe ta, sai javel, ruwan nan mai sa tufafi fari: kofi 1 cikin kofi 30 na ruwa, a fara share ƙazantar, a zuba, a bar shi minti 10. Sai da na daɗe kafin na sake karɓar wani. Wadda nake da ita yanzu karya ce, Barewa, shekararta shida. Don gadin awaki na ajiye ta, kwanonta daban, kuma ba ta shiga ɗaki.

Ranar da kwikwiyo ya shigo hannunka, cikin makon nan ka kai shi wurin likita a buɗe masa karne, wato ɗan littafin da ake rubuta alluransa. Allurar farko tsakanin mako 6 da 8 ake yin ta, a riƙa maimaitawa bayan kowane mako 3 ko 4 har ya kai wajen mako 16. Za ka ga likita ya manna ƴar takarda mai haruffa C, H, P, L, daga baya R. P ɗin nan ita ce ta parvo, R kuma ta haukan kare, wadda ake yi in ya cika wata uku. Kafin a gama jerin, kada ya fita titi. Ka kuma tsaya ka ga daga firigo aka ciro kwalbar. Maganin rigakafi tsakanin digiri 2 da 8 yake rayuwa, wanda ya yini bisa tebur a rana ruwa ne kawai.

Maganin tsutsar ciki shi ma tun yana mako biyu ake farawa, duk mako biyu har wata uku, sai wata-wata har wata shida, daga nan duk wata uku. Da nauyi ake auna shi. Ka hau sikeli da kare a hannu, ka sauke shi ka sake hawa kai kaɗai, ka cire.

Allurar haukan kare kuwa, ko ba ka da kuɗin komai, nemo nata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da wannan ciwo duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar kare suka ɗauka, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. In alamun suka bayyana a jikin mutum, an makara. Amma da za a yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, ciwon zai rasa hanyar yaɗuwa. Ni duk shekara nake sabunta ta Barewa, kuma na ɗaura abin da 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon a duniya, ranar da Louis Pasteur ya rasu a 1895, shi da ya fara yi wa mutum wannan rigakafi a 1885. Ka zaɓi ranar da ba za ka manta ba.

Mutane sun ɗauka mahaukacin kare shi ne mai gudu yana cizon duk abin da ya tarar. Akwai wani iri mai shiru. Sai ka ga kare ya laɓe a lungu, muƙamuƙi ya saki, yawu na zuba, kamar ƙashi ya maƙale masa a maƙogwaro. Don Allah kada ka sa hannu cikin bakinsa neman ƙashi. Rufe shi, kira likita.

In kuwa kare ya ciji wani, ko ya yakushe shi, ko ya lashi wurin da ke da rauni, a wanke da sabulu da ruwa mai gudana minti 15 cur. A duba agogo, don minti 15 na da tsawo in yaro na kuka. Ban da toka, ban da ƙasa, ban da ɗaure wurin tamau. A tafi asibiti ranar nan. Karen in an san shi kada a kashe, a tsare shi likita ya sa masa ido aƙalla kwana 10, amma ba a jira kwanakin su cika kafin mutum ya fara karɓar allura.

Abinci ba wuya. Barewa tuwo take ci da shinkafa, da dafaffen kayan ciki ko kan kifi da aka cire wa ƙaya, wani lokaci ƙwai. Tuwo zalla ba ya gina kare. Uwargida tana ɗebe mata nata kafin a zuba miya, saboda albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, mu kuwa nan ƙasar albasar Galmi ce, ba ma rowarta a tukunya. Goro da ganyen shayi da cakulan su ma guba ne gare shi. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. Kuma kada ka ba shi maganin mutane da ka, musamman parasitamol da ibuprofen da diclofenac.

Ranar Layya ita ce ranar da na fi tsare ta. In an feɗe rago aka ga hanta ko huhu da ƙulli mai ruwa a ciki, abin da aka saba shi ne a yanke a jefa wa kare. Wannan ƙullin ƴaƴan tsutsa ne. Kare ya ci, tsutsar ta girma cikin hanjinsa, ƙwanta ya fita da kashi, ya koma ga tumaki, ya koma ga yaran da ke wasa cikin ƙasa, ya yi musu irin wannan ƙulli a hanta. A ƙona shi ko a binne da zurfi.

Da damina ta sauka sai kaska. Kowace yamma ina bin jikinta da hannu: cikin kunne, wuya, hammata, tsakanin yatsu. In na samu, da hantsaki nake kamawa dab da fata, in ja a hankali, in jefa cikin kananzir. Kaska ba jini kaɗai take sha ba, tana sa zazzaɓi. Ka saba ɗaga leɓen karenka kana duba dasashi. Mai lafiya ja-ja ne. In ya yi fari, ko fitsari ya yi duhu kamar shayi, ko jini ya fito ta hanci, kada ka kwana. Irin kaskar kare tana ɓuya cikin tsagar bango, don haka sai an haɗa da makwancinsa. Nemi maganin da aka yi don kare, kamar mai fipronil. Na taɓa ganin karen da aka yi wa wanka da piya-piya, yana karkarwa yana kumfa. Baƙin man mota da ake shafa wa mai ƙazuwa shi ma cuta ce a kan cuta. Wani abin damina kuma shi ne ƙurji mai ɗan rami a tsakiya, yawanci a cikin kwikwiyo. Tsutsar ƙuda ce da ke yin ƙwai cikin yashi mai fitsari. Toshe ramin da basilin, jim kaɗan za ta leƙo, ka matse ta fito.

Watan Afrilu da Mayu, in zafi ya haura digiri 40, ka tuna kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake huce jiki. Rumfar zana ko gindin dogon yaro, da ruwa kwano biyu don in ɗaya ya kife. Kafin ka fita da shi, ɗora bayan hannunka bisa yashi, in ka kasa jurewa shi ma ba zai iya ba. In ya faɗi yana haki, harshe ya yi jawur, jiƙa shi da ruwan randa, yi masa fifita, sannan a tafi wurin likita.

Maganar tiyatar hana haihuwa na daɗe ina juya ta. Barewa ta haihu sau biyu, goyon cikin karya kwana 63 ne kawai, kuma na ga inda wasu ƴaƴan suka ƙare, yara na jan su da igiya a titi. Wani ya ba ni shawarar allurar hana barbara. Likita ya hana ni, ya ce tana iya sa mahaifa ta tara mugunya. Alamar wannan, ko ba a yi allurar ba, ita ce makonni kaɗan bayan barbara karya ta kama shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ciki ya kumbura, ta yi laushi. Wannan aikin gaggawa ne. Sai na yarda a cire mata mahaifar.

Ga yadda za ka shirya. A bar wata biyu zuwa uku bayan barbara. In da hali a zaɓi lokacin ɗari, ƙuda sun ragu, zafi ba ya wahalar da ita. Abincin ƙarshe da daddare, da safe ba ta cin komai, don kada ta yi amai cikin barci ya shige huhu. Tambayi likita wane maganin barci zai sa, da na rage zafin ciwo, kuma a auna ta, don siraran karnuka irin na Azawak ba su da kitse, wasu magungunan suna daɗewa ba su sake su ba. Namiji fiɗiyarsa ta fi sauƙi, amma shi ma aikin likita ne. Ba a dandaƙe kare kamar bunsuru, ba a ɗaure shi da roba. Fiɗiyar kuma tana rage yawon dare, inda suke kwaso wani tsiro ja mai zubar jini a al'aura, wanda ke bi ta barbara. Shi wannan yana jin allurar jijiya ta mako-mako.

Bayan aiki, abin da ke ɓata ɗinki shi ne harshenta. Na sayi ƙaramin bokitin roba, na yanke gindinsa, na naɗe bakin yankan da tsumma, na huda ramuka huɗu da ƙusa mai zafi, na zura kanta, na ɗaure da abin wuyanta. Daren farko ta tsaya tsakar gida kamar an dasa ta, in ta motsa bokiti ya bugi bango. Jikata ta ce, "Kaka, cire mata mana, tana jin tsoro." Na ce, "In na cire, gobe sai an sake ɗinki." Na zauna bisa tabarma na ba ta abinci a tafin hannu. Kwana biyu ta saba. Ka shimfiɗa mata tsohon zane mai tsabta, kada ta kwanta cikin yashi. Ban da wanka, ban da tsalle. Duba wurin safe da yamma. Ɗan ja ba komai, amma kumburi mai zafi, wari, ko ruwa na fita, koma wurin likita. Kwana 10 zuwa 14 ake cire zare.

Yanke kunne kuma ban ga amfaninsa ba. In ƙuda ne ke cin bakin kunnen, a wanke a shafa magani.

Horo, ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da kwikwiyo ya saba da shi kafin wata uku, da wuya ya ji tsoronsa ko ya far masa in ya girma. Tunda ba ya fita, sai ka kawo masa duniya cikin gida: awaki, kaji, ƙarar moto, mai ga-ruwa, almajirin da ke zuwa ɗaukar tuwo. Kalma uku sun isa farko: zo, zauna, bari. Duk gidan a riƙe kalma ɗaya. Minti 5 safe da yamma kafin cin abinci, da gutsuren ƙuli-ƙuli marar yaji a aljihu. Don "zauna", ɗaga gutsuren bisa hancinsa ka kai shi baya, gindinsa na taɓa ƙasa ka faɗi kalmar ka ba shi nan take. Kada ka taɓa kiran kare ya zo sannan ka doke shi, gobe ba zai zo ba. Wanda ya yini ya kwana cikin sarƙa kuma ba gadi yake koyo ba, cizo yake koyo. Yara su ma a koya musu: ba a taɓa kare yana ci, yana barci, ko karya tana kan ƴaƴanta, kuma in baƙon kare ya biyo ka, tsaya cak.

Kaji ne suka fi ba ni aiki, don jinin farauta ne a jikinta. Na sa mata doguwar igiya, na zauna da ita inda kaji ke tsattsaga. Ta kafa musu ido, in ce "bari", ta waiwayo ni, in ba ta. Kusan wata guda muna haka kafin na saki igiyar. Har yanzu in mun fita bayan gari da la'asar sakaliya, sai na kira ta sau biyu ko uku ba don komai ba, in shafa kanta in sake ta. In mun dawo ta san ƙa'ida: ta kwanta bakin zaure, ta miƙo ƙafa ɗaya-ɗaya, in cire mata ƙarangiya daga tsakanin yatsu.