Yadda ake kiwon kifin bulugil a kandamin waje

Wanda ke zaune a Amurka, musamman ɓangaren gabas da tsakiya irin su Ohio, Ilinoi ko Jojiya, ya san ɗan kifin nan mai faɗin jiki da baƙin ɗigo a gefen kunne, wanda yara ke fara koyon fatsa da shi. Masu sayarwa bluegill suke rubutawa. Asalinsa can ne, yankin kogin Misisifi da manyan tafkunan arewa, jihar Ilinoi ma shi ta zaɓa a matsayin kifinta. Ba wani ƙato bane, mafi girman da aka taɓa kamawa a Alabama ne a 1950, shima kilo 2 ne da ɗan ɗori. Amma namansa fari ne tas, in ya ji mai da yaji sai ka nemi ƙari.

Toh in kana da ɗan fili ko gona kana son ka zuba shi, kar ka damu wai zai mutu maka, kifi ne mai taurin rai. Matsalarsa haihuwa. Wanda ya taɓa kiwon karfasa a gida ya san zancen, ka zuba kaɗan, kafin ka ankara kandami ya cika da 'yan mitsi-mitsi da suka tsumbure, ci suke amma ba girma. Da zarar ruwa ya yi ɗumi ya kai wajen digiri 21 na Selshiyos, maza zasu hau gefen da ba zurfi, kowa ya share yashi ko tsakuwa da jelarsa ya yi ɗan rami zagayayye, kusa da kusa abinsu, in ka leƙa da safe zaka gansu kowa na shawagi a kan nasa yana korar duk wanda ya matso. Mace ɗaya tana zuba ƙwai dubbai, kuma ba sau ɗaya suke yi ba, duk tsawon lokacin zafi suna maimaitawa.

Shi yasa ba'a kiwonsa shi kaɗai a babban kandami. Sai an haɗa shi da mai cinsa, wato kifin bas mai faɗin baki. Lissafin da aka saba dashi shine bulugil 10 bas 1, misali 'ya'yan bulugil 500 da bas 50 a eka ɗaya in ba'a sa wa ruwan taki ba. Kuma ba rana ɗaya ake zuba su ba, bulugil ake fara sawa da kaka, a bari su zauna su fara haihuwa, sannan bas ya biyo baya shekarar da ke tafe, ya tarar da abinci na jiransa. Ciyawar ruwa ma ka sa mata ido, 'yar kaɗan tana da amfani amma in ta rufe ko'ina ƙananan zasu samu maɓoya, bas ya rasa yadda zai yi dasu, kaga an koma gidan jiya.

In kuma kandamin naka bai kai rabin eka ba, gaskiya ni bana ba da shawarar wannan haɗin, wahalar daidaita su tayi yawa. Gara ka nemi ɗan barbara, wanda ake samu in an haɗa namijin bulugil da macen wani ɗan uwansa mai koren jiki, yawancin 'ya'yan maza ne saboda haka haihuwar da sauƙi, ga saurin karɓar abinci. Ƙaramin kandamin cikin gida da aka shimfiɗa wa leda kuwa, 'yan ƙwaya kaɗan sun isa, kuma kar ka haɗa su da ƙananan kifin ado don zasu takura musu su cinye 'ya'yansu. In da ruwan famfo ka cika, sa maganin da ke kashe kulorin tukunna. Ranar zubawa ka ɗora ledar kifin a kan ruwan kamar minti 20 kafin ka buɗe, ɗumin ya zo ɗaya.

Abinci ba matsala. Da kansu suke neman ƙwari, tsutsar sauro, tana, gyare da farar da ta faɗo ruwa. Kana son su yi ƙiba sai ka ƙara musu da abincin kifi mai yawo a saman ruwa, ƙananan ƙwaya saboda bakinsu ɗan tsut ne. Wuri ɗaya lokaci ɗaya kullum, zasu saba har su riƙa taruwa in sun ji takunka. Abin da zasu cinye cikin minti 10 zuwa 15 kawai zaka watsa, saura ruɓewa yake ya ɓata ruwa. Sanyi ya shigo ruwa ya sauka ƙasa da digiri 10, ka dakata.

Abin da ke kashe su da yawa lokaci guda ƙarancin iska ne a ruwa. Da zafi, in aka jera kwanaki ana hadari ba rana, fita da asuba ka duba, ka gansu a sama suna buɗe baki toh tsayar da abinci ka kunna injin hura iska nan take. A jihohin arewa kuma ƙanƙara ce ke rufe ruwan wata da watanni, don haka zurfin wani sashe na kandamin ya kai aƙalla ƙafa 8, injin ya riƙa aiki ya bar ƙofa a buɗe a jikin ƙanƙarar. Kar ka ɗauki guduma ka hau fasa ƙanƙarar, girgizar tana yi wa kifin illa. Zalɓe ma zai riƙa kawo ziyara, a ƙaramin kandami raga ce maganinsa.

Sai kamu, nan ne mutane ke kuskure. Kowa in ya kama ƙato sai ya kai kicin, ƙananan ya mayar ruwa wai su girma. Akasin haka ya kamata. Manyan mazan nan su ke mamaye wurin haihuwa, muddin suna nan samarin basa saurin balaga, sai su ci gaba da girma, ka kwashe su kuwa kowa ya fara haihuwa tun yana ƙarami. Matsakaita da ƙanana zaka riƙa ci, ba tausayi.

Wajen saye ka je gonar ƙyanƙyasa mai lasisi, ka tambayi hukumar kifi da namun daji ta jiharka don wasu jihohin sai da izini, kuma kwaso kifi daga tafkin gwamnati laifi ne a wurare da dama. In sun maka yawa kar ka kai su rafi ka saki. A 1960 magajin garin Shikago Richard Daley ya ba yarima Akihito na Japan kyautar bulugil, suka bazu har tafkin Biwa suka addabi kifayen ƙasar, a 2007 sai da Akihito yana sarki ya fito ya nuna nadamar kawo su, yanzu doka ta hana sakinsu a can. Don haka mai tunanin ya ɗauko iri ya kai Najeriya ko Nijar ya haƙura, karfasa da tarwaɗa sun ishe mu.