Darasi na Bakwai: Farin Ƙwaro Mai Shan Ruwan Mangwaro

A Agege ko Idi-Araba, idan ganyen mangwaro ya yi baƙi ƙirin, sai ka ji ana cewa hayaƙin janareta ne. Sau da yawa ba shi ba ne. Ɗan'uwa, juya ganyen ka duba bayansa. Za ka ga wasu ƙananan ƙwari farare kamar auduga sun jeru a kan jijiyar ganye, ko motsi ba sa yi.

Wannan ƙwaro baƙo ne. Daga nahiyar Asiya ya fito. An fara ganinsa a Gana da Togo a farkon shekarun 1980, daga nan ya shigo kudancin Najeriya. Yana kama mangwaro da lemu da gwaba. Gwanda ma tana da nata, wanda asalinsa daga Meziko ne.

Ba ya cin ganye. Bakinsa yake kafawa ya tsotse ruwan itace, sannan ya zubar da wani ruwa mai zaƙi mai danƙo. Duk wanda ya taɓa noman dawa ya san darɓa, to aikinsu ɗaya. A kan wannan danƙo baƙar fumfuna ke tsirowa ta rufe ganye, hasken rana ya kasa ratsawa. Fure ya kaɗe, 'ya'ya su ragu. Tururuwa kuwa zaƙin take bi, shi ya sa take gadin ƙwarin.

Masana, har da na cibiyar binciken aikin gona ta IITA mai hedikwata a Ibadan, sun kawo wani ɗan mitsitsin zanzaro daga Indiya, aka fara sakinsa a Togo a 1987. Yana saka ƙwansa a cikin jikin ƙwaron, tsutsar ta cinye shi. Ya yi aiki ƙwarai. Abin da ke damuna shi ne mai feshin maganin ƙwari barkatai yakan kashe wannan mataimaki tun kafin ya taɓa ɓarawon.

Sare reshen da ya kamu sosai ka ƙona. Ƙananan itatuwa a wanke su da ruwan sabulu da yamma, a maimaita bayan mako guda.

Masu sayar da dashe a bakin titi, da masu tafiya gida da tsarabar dashen mangwaro, don Allah a duba bayan kowane ganye kafin a ɗora a mota.

Aiki: Ka tsinko ganyen mangwaro uku ka kawo aji. Rubuta abin da ka gani a bayan kowanne.