Yadda Za Ka Bi Sawun Tarihin Basaraken Sifaniya: Misalin Miraflores

Ɗalibin tarihi a Katsina ya san in aka ce "Kaura ya fita yaƙi", dole a tambaya wane Kaura, a zamanin wane sarki. Da wannan idon za ka tunkari Manuel Pando Fernández de Pinedo, wanda aka haifa a Madrid a 1792 ya rasu a can a 1872, ya riƙe firaministan Sifaniya sau biyu, littattafai kuma suka fi kiransa da sarautarsa, Marqués de Miraflores.

Fara da raba suna da sarauta. Mutumin Sifaniya yana ɗaukar sunan gida biyu, na uba a gaba, na uwa a baya. A nan Pando ne na uba, Fernández de Pinedo kuwa gaba ɗayansa na gidan mahaifiyarsa ne, kada ka datse shi. Miraflores sarauta ce ta gado, wasu sun riƙe ta bayansa, kuma in ka rubuta kalmar ita kaɗai a intanet, unguwa a Lima da fadar shugaban Benezuwela za su fara fito maka. Haɗa sunan da sarautar da shekara. Jerin darajar kuwa: duque a sama, sai marqués, sai conde, sai vizconde, sai barón. Inda suka bambanta da mu, mace tana gadon sarauta a can, ana kuma kiran mijinta da ita.

Sai ka tsaga takarda gida uku: tsayuwa ɗaya ta shekaru, ɗaya ta muƙamansa, ɗaya ta halin da ƙasa ke ciki. Sarki Fernando na Bakwai ya rasu a 1833, ya bar 'yarsa Isabel ba ta cika shekara 3 ba, ƙanensa Carlos ya ce shi ne magaji, yaƙin basasa ya ɓarke. Da ka ajiye wannan kusa da 22 ga Afrilu 1834, ranar da Miraflores ya sa hannu a Landan kan ƙawance da Ingila da Faransa da Fotugal, aikinsa na jakada zai fito maka fili: gata ya je nema wa yarinyar da ke kan karaga.

Wurin fassara muƙamai ne aka fi yin tuntuɓe, kuma a nan ya kamata ka fi ɓata lokaci. Presidente del Consejo de Ministros firaminista ne, mulki yana hannun sarauniya, don haka kada ka rubuta "shugaban ƙasa". Ministro de Estado ministan harkokin waje ne, babban muƙami, amma manhajar fassara da sabon da muka yi da tsarin Najeriya sukan ja mutum ya mai da shi ƙaramin minista. Gobernación cikin gida ce, Hacienda kuɗi. Haka batun jam'iyya. Miraflores ɗan Moderado ne, masu ra'ayin riƙau da suka yarda da majalisa amma suka fi son ƙarfi ya zauna a fada, su ne suka rubuta tsarin mulkin 1845 wanda ya ba sarauniya ikon naɗa sanatoci har ƙarshen rayuwarsu. Jam'iyyar masu ra'ayin riƙau da ɗan siyasa Cánovas del Castillo ya jagoranta bayan an hamɓarar da sarauta an kuma dawo da ita ta zo ne bayan rasuwar Miraflores, saka shi cikinta kuskure ne.

Ranakun naɗi ka tantance su a Gaceta de Madrid, jaridar gwamnati, tsofaffin fitowarta suna shafin intanet na BOE, jaridar gwamnatin Sifaniya ta yanzu, kyauta. In ka ga saɓanin kwana ɗaya tsakanin littattafai biyu, yawanci wani ya ɗauki ranar da aka sa hannu a takardar naɗi ne, wani ranar da aka buga ta. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai.

Mulkin Miraflores na farko daga 12 ga Fabrairu zuwa 16 ga Maris 1846 ne, wata ɗaya da 'yan kwanaki, Janar Narváez ya gabace shi kuma shi ya karɓe daga hannunsa. Na biyu ya fara a Maris 1863 bayan faɗuwar gwamnatin Janar O'Donnell, ya ƙare a Janairu 1864. Kada gajartar wa'adin ta sa ka yanke masa hukuncin rashin iya aiki: a zamanin Isabel, fada da manyan sojoji ne ke ɗora gwamnati su sauke ta, shi ya sa a ƙarƙashin kowace sauka za ka rubuta wanda ya gaje shi da kuma wanda ke da kunnen sarauniya a wannan makon.