Kurakuran ɗalibai wajen ƙidayar itatuwa a daji

Kowace shekara ɗalibai su fita daji da igiya da turaku, su dawo da lambobin da ba su da amfani. Abin haushin, kurakuran nan dai ne ake ta maimaitawa.

Mafi muni shi ne zaɓen fili da ido, wato ɗan yankin da za a kewaye a ƙidaya itatuwansa a madadin dajin duka. Ɗalibi ya hango inda ɗorawa da kaɗanya suka yi inuwa, sai ya kafa turakunsa a nan. Inda ƙaya ta yi yawa ko rana ta ƙwalle kuwa, ya kauce. Daga baya ya rubuta wai dajin cike yake da manyan itatuwa, alhali wurin hutawarsa ya auna. Babu lissafin kwamfuta da zai gyara wannan ɓarnar. Tun a gida ake maganinta: a raba taswirar wurin gida-gida, a ba kowane gida lamba, a yi ƙuri'a, a shigar da wuraren cikin GPS, na'urar nuna wuri. Inda ƙuri'a ta faɗa, nan za a je, ko cikin sarƙaƙiya ne. Ni na fi son fili mai mita 20 sau 20 ga itatuwa, mita 1 sau 1 ga ciyawa. Inda itatuwa suke jefi-jefi, kamar gonakin gero, a faɗaɗa zuwa 50 sau 50. Kuma ƙananan filaye goma a warwatse sun fi ƙato ɗaya faɗin gaskiyar daji.

Sai awon kauri. A tsayin mita 1.3 daga ƙasa ake auna jikin itace, ba inda hannunka ya kai ba. Yanki sanda mai wannan tsawo, ka riƙa jingina ta a jikin kowane itace. Tef ɗin tela kuma zagaye yake ba ka, sai ka raba da 3.14 kafin ka san faɗin itacen. Wanda ya manta, ya ci gaba da lissafin filin da gindin ya cinye, amsarsa za ta kumbura kusan ninki goma. Haba, ɗan'uwa! Tsamiya ta zama kuka a takarda, ba ka ko yi shakka ba?

Gawo da damina yake zubar da ganye, kada ka rubuta shi a matacce.

Sunan Hausa kaɗai bai isa ba: kalgo jinsi biyu ne. Ka ciro reshe mai fure ko 'ya'ya, ka danne shi cikin jarida, ka riƙa canza jaridar kullum don kada ya yi fumfuna.

Yawan itatuwa daban, yawan jinsi daban. Itatuwa 100 waɗanda 95 daga cikinsu sabara ce ba wadata ba ce. Darbejiya kuma baƙuwa ce daga Indiya, a nuna hakan a teburin sakamako.

Ciyawa a ƙarshen damina ake ƙidaya ta, lokacin da ta fid da kai. Da fensir ake rubutu a daji, biro zubewa yake yi in ruwa ya taɓa shi.