Yadda ake gano yoyon baƙin mai a mota a kuma gyara shi a gida

Zafin inji yana busar da robobin da suke tare mai har su tsage, kuma a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gusau yake haura digiri 40, masu motoci da dama sukan wayi gari su tarar da ɗigon baƙin mai a inda motar ta kwana. Mafi yawan irin wannan yoyo ana iya magance shi a ƙofar gida, muddin aka gano ainihin inda man yake fitowa, domin daga sama yake gangarowa, iska kuma tana kora shi baya idan ana tafiya. Na taɓa sauya fakin botom filet (abin da ke tare mai a bakin kaskon mai na ƙasan inji) na Corolla ɗina saboda nan na ga ɗigon, amma kafin in kai Talata Mafara ƙarƙashin motar ya sake jiƙewa, ashe daga murfin saman inji man yake zubowa.

Ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ya kwana. Baƙin mai baƙi ne ko ruwan ƙasa, idan kuwa ɗigon ja ne, to galibi man giyar otomatik ne ko na sitiyari. Ka zaro gejin mai a wuri mai lebur ka duba, domin a yawancin ƙananan motoci tazarar da ke tsakanin alamomi biyu na jikin gejin, ta sama da ta ƙasa, kusan lita 1 ce.

Bayan inji ya huce sarai, ka wanke shi da kananzir da burushi, kana kauce wa altanato da wayoyin wuta. Kada ka yi amfani da fetur, saboda tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara. Idan ya bushe, ka barbaɗa farar hoda a wuraren da kake zargi, ka tayar da motar ta yi minti 10, sannan ka kashe ta ka haska da tocila. Za ka ga siririn layi mai duhu ya ratsa hodar. Ka bi shi zuwa sama har inda ya faro. Idan sai ka shiga ƙarƙashi, ka ja birkin hannu, ka tokare tayoyi da dutse, ka tallafe motar da ƙarfen tokare ko kututture mai ƙwari, domin jak kaɗai ba abin amincewa ba ne, bulo kuma yakan farfashe.

Mafi sauƙin gyara shi ne notin juye mai. Yana da ’yar washa ta alminiyam ko jan ƙarfe wadda ake so a sabunta duk lokacin juye, amma an saba mayar da tsohuwar. Ka tari man a roba mai tsabta, ka kwance notin (sifana mai lamba 14 a yawancin Toyota, 17 a Honda), ka sa sabuwar washa, ka ɗaure ba tare da ka hau kan sifanar da ƙarfinka duka ba, don kada zaren ya cinye. Idan filtar mai ce za ka sauya kuwa, ka tabbata robar tsohuwar ba ta manne a jikin inji ba, ka shafa wa robar sabuwar ɗan mai, ka murɗa da hannu har ta zauna, sannan ka ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye.

Murfin saman inji, wanda makanikai suke kira tof koba, ya fi bukatar natsuwa. Alamarsa ita ce ƙaurin mai yana ƙonewa a kan salansa, ko mai a ramin fulogi. Ka cire wayoyin fulogi ko koyil, ka kwance notocin da sifana mai lamba 10, ka ɓamɓare tsohon fakin, ka goge bakin ƙarfen tas da tsumma. Ka zaunar da sabon fakin a kwarinsa, ka ɗiga gam kaɗan a kusurwoyi kawai. Ina takaicin yadda ake laɓta gam ko’ina, saboda abin da ya matso ta ciki yakan gutsure ya toshe rariyar famfon mai, inji ya buga. Ka ɗaure notocin daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, kana tsallakawa daga wannan ɓangare zuwa wancan. Ka kuma duba ɗan bawul ɗin numfashi da ke kan murfin, domin idan ya toshe, iska takan taru a cikin inji ta tunkuɗo mai ko da fakin sabo ne.

Idan layin da ka gani a hodar ya faro daga tsakanin inji da giyabos, to oyil sil na baya ne, wato robar da ke tare mai a bayan inji, kuma sai an sauke giyabos, saboda haka gareji za ka nufa. Kafin nan ka riƙa duba geji kowace safiya, idan kuma jan fitilar mai ta kama a hanya, ka kashe motar nan take.

Bayan gyara ka cika mai zuwa alamar sama ba tare da ka wuce ta ba, ka sake shimfiɗa sabon kwali na kwana biyu. Tsohon man ka zuba shi a jarka mai murfi, nesa da rijiya da kwata da hannun yara.