Kurakuran da ake yawan yi kan yaƙin Newark na Ingila

Masu rubuta tarihin yaƙin basasar Ingila, don Allah a gyara batun garin Newark. Da farko dai ba Newark ɗin Amurka ake nufi ba, wannan yana bakin kogin Trent ne a yankin Nottinghamshire, rigimar kuma tsakanin Sarki Charles na ɗaya ce da majalisa, wadda ta ɓarke a 1642.

Sai ka ji ana cewa "yaƙin Newark" kamar rana ɗaya aka gwabza aka watse. A'a, sau uku sojojin majalisa suka yi wa garin ƙawanya, don yana hannun mutanen sarki. Ta Fabrairun 1643 ba ta je ko'ina ba, ta 1644 kuwa Yarima Rupert, kwamandan sojojin sarki, shi ne ya iso ba zato ranar 21 ga Maris ya tilasta wa Sir John Meldrum, jagoran masu ƙawanyar, miƙa wuya da bindigoginsa, ta ƙarshe ta faro Nuwamban 1645 har Mayun 1646. In za ka rubuta, faɗi wacce kake nufi.

Wasu kuma su tsallake dalilin da ya sa ake ta kashe rai a kan ƙaramin gari haka, alhali nan ne maganar take. Babbar hanyar Landan zuwa arewa nan take haɗuwa da tsohuwar hanyar Rumawa, Fosse Way, ga mashigar kogi, toh duk wanda ya riƙe Newark shi ke iko da zirga-zirga tsakanin hedikwatar sarki da ke Oxford da mutanensa na arewa.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne cewa wai Oliver Cromwell, shahararren kwamandan sojojin majalisa, ya ci garin da yaƙi. Ba shi ya jagoranci ko ɗaya cikin ƙawanyoyin ba, kuma ba a taɓa cin garin da ƙarfin tsiya ba. A ta ukun har da sojojin Scotland a masu ƙawanyar, mutanen ciki suka sha yunwa da annoba, kuɗi ya ƙare har aka riƙa yanka farantan azurfa ana buga sulalla don biyan soja, amma suka ƙi buɗe ƙofa. Sai da sarkin da kansa ya miƙa kansa ga 'yan Scotland a Southwell, wani gari kusa da Newark, ranar 5 ga Mayun 1646, sannan ya aika wa gwamnan garin Lord Belasyse umarni ya sallama, ranar 8 ga wata sojojin sarkin da ke ciki suka fice.