Kurakuran masu farautar tsofaffin littattafai a gwanjon Ingila

Ranar Asabar a unguwannin Ingila za ka ga an kafa ɗan allo a ƙofar zauren coci ko makarantar firamare, an rubuta gwanjo ƙarfe 2, kuɗin shiga kwabo 50. Kaya ne mutanen unguwa suka kwaso daga gidajensu suka bayar kyauta, a sayar a gyara rufin coci ko a taimaki 'yan sikawut. Riguna tsibi guda a tebur, kofunan shayi, kayan wasan yara, can lungu kuma katan-katan na littattafai. Na daɗe ina tsugunawa gaban waɗannan katan, kuma yawancin kurakuran nan sai da na tafka su kafin na gane.

Mai zuwa ƙarfe 2 da rabi ya riga ya makara. Dillalan littattafai suna layi tun ba a buɗe ƙofa ba, cikin minti goma sun tsince na kirki. Su kuma ƙarƙashin tebur suke nufa, inda aka tura katan ɗin da ba a samu lokacin jerawa ba. Dab da tashi akan ce cika leda a fam 1. Wannan garaɓasa ce ga mai neman abin karatu kawai.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne ɗaukar tsufa a matsayin daraja. Mutum ya ga ƙaton Baibul na zamanin Sarauniya Biktoriya, bangon fata, gefen zinare, ya rungumo shi yana haki. An buga irinsa ba adadi, kuma iyalai da yawa sun adana nasu, don haka masu saye ba sa rububinsa. Haka jerin kundayen ilmi masu juzu'i ashirin, ko kyauta ka ba dillali sai ya ce ba shi da wuri. Abin da ke ɗaga farashi shi ne ƙarancin littafi, da masu nemansa, da lafiyarsa.

Gyaran wannan yana bayan shafin suna. Juya ka karanta ƙananan rubutun nan. Idan ka ga layin lambobi daga 10 har zuwa 1, galibi bugun farko ne. In lambar ƙarshe 4 ce, bugu na huɗu kake riƙe da shi. Littafin da ba shi da lambar ISBN, wato lambar shaida da ake ba kowane littafi, yawanci ya girmi 1970. Farashi ma shaida ne: Birtaniya ta bar lissafin sule a watan Fabrairun 1971, saboda haka 3/6 a bango, wato sule uku da sisi, yana nuna kafin nan aka buga shi. Dattawanmu da suka yi ciniki da sule kafin zuwan naira a 1973 ba sai an fassara musu ba. Kamfanin buga littattafai na Penguin kuwa da sisi ya fara sayar da nasa a 1935, bango ruwan lemo na ƙagaggun labarai, kore na labaran bincike da kisa. Waɗanda suka fito a shekarun farko, masu ƙaramar lamba a ƙashin baya, suna da masu tara su.

Sai rigar takarda da ake lulluɓe bango da ita. Sabon shiga yakan ga ta yage kaɗan ya cire ta ya yar. A littattafan ƙarni na 20, sau da yawa rigar ta fi littafin kansa tsada. Leƙa lanƙwasarta ta ciki: in babu farashi ko kaɗan, kuma ba yanke shi aka yi ba, mai yiwuwa bugun kulob ɗin masu karatu ne, mai araha.

Tawa ɓarnar ga ta. Na taɓa cin karo da littafin tafiye-tafiye a ƙasar Hausa na zamanin Turawa, irin waɗanda tsofaffin di'o-di'o suka koma gida da su, jikoki kuma suke kwashewa idan za a sayar da gida. Zumuɗi ya hana ni dubawa, na biya na fice. Sai a bas na karanta cewa akwai taswira mai naɗi a ƙarshe. Na buɗe, ɗan guntun takarda kawai ya rage a jikin ɗinki. Tun daga ranar nake ƙirga hotuna da taswirori da jerin da ke gaba, in duba ko juzu'i na biyu na nan, sannan in kai littafin hanci. Ɗigon ruwan ƙasa a takarda tsufa ne, ana haƙuri da shi. Warin fumfuna kuwa a bar musu kayansu, don yakan kama sauran littattafan da ke kan kanta. Hatimin laburare shi ma yana karya farashi, sai dai in abu ne irin ƙamus ɗin Hausa da Turanci na Bargery na 1934, wanda ko da hatimi goma ba zan bari ba.

Mu Hausawa ba ma sayen abu ba taya ba, amma a nan a yi hattara. Tsohuwar da ke bayan tebur aikin sa kai take yi, kuɗin kuma na taimako ne. Ka taya littafin kwabo 50 a kwabo 30, kallon da za ta yi maka ya ishe ka. Ciniki sai a gwanjon but ɗin mota na safiyar Lahadi, inda mai kaya aljihunsa yake nema. Ko can ma kada ka zaro waya a gabansa kana binciken farashi, nan take fam 2 zai koma fam 20. Ka riƙe silalla da ƙananan takardu, da wuya su samu canjin fam 20.

In ka dawo gida, kada ka kusanci yagaggen shafi da salatef. Bayan 'yan shekaru yakan bushe ya faɗi, ya bar tabon rawaya da ba ya fita. Kada ka rubuta sunanka da biro, kada ka jingina littafin da hita. Ka kaɗe ƙurar da busasshen burushi mai laushi, daga ƙashin baya zuwa waje, littafin yana rufe.